Yallaɓai Gagara-Gyara da Falon Surukinsa

Duk wanda bai taɓa ganin shugaban sashen zane na kamfaninmu ba, ya yi haƙuri, bai ga mutum ba tukuna. Sauran jama'a da kuka aka haife su. Shi kuwa ina kyautata zaton da jawabi ya faɗo duniya, kuma jawabin farko a kan kurakuran ungozoma ne. Dogo ne, miƙaƙƙe, kamar da rula aka ja shi. Idan yana tafiya a barandar ofis ba ya duban ƙasa, domin ƙasa ce ya kamata ta lura da inda zai sa ƙafa. In ka gaishe shi da gira yake amsawa, in kuwa ya ɗaga girar biyu, to ranarka ta yi kyau, kana iya kiran gida ka ba da labari. A gabansa Yallaɓai muke ce masa. A bayan idonsa kuwa, tun kafin a ɗauke ni aiki, sunansa Gagara-Gyara. Sunan ya kai kunnensa, ya kuma yi na'am da shi, don a ganinsa shaida ce jama'a suka bayar.

Ofishinsa na gilashi ne, a ƙarshen zauren da muke zane, yadda zai ga ƙeyar kowa ba tare da ya tashi ba. A kan teburinsa allon kwamfuta biyu ne, kowanne ya kai faɗin taga. Bangon bayansa ya cika da takardun shaida a cikin firam: ta jami'a, ta halartar taro, ta halartar taron da aka yi don nazarin wancan taron, da wata ta godiya daga wata makaranta da ya taɓa ba aron kujeru. A saman kabad akwai farar hular kwano irin ta masu zuwa wurin gini, mai shara na goge ta kowace safiya. Hular ba ta taɓa ganin siminti ba. Yallaɓai ba ya zuwa wurin gini. "Ƙafa ce ke yawo," in ji shi, "ƙwaƙwalwa zama take yi." Ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda ƙwaƙwalwar take komawa gida da yamma.

Wajen duba aiki kuwa babu kamarsa. Za ka kwana biyu kana zana gidan sama, ka tura masa, ya buɗe, idonsa ya zarce kai tsaye kusurwar ƙasa ta dama, inda ake rubuta sunan wanda ya amince da zane. A nan zai daɗe. Ya ce haruffan sun yi ƙanana, ya ce an manta ɗaya daga cikin muƙamansa, ya ce sunan ya matsu kamar na ɗan haya. In aka gyara wannan, gini ya tsaya da ƙafafunsa.

Ni sabuwa ce a wurin. Na gama jami'a, na sha zaman jira, aka ɗauke ni a kan gwaji, kuma sa hannun Yallaɓai ne kaɗai zai tabbatar da ni ko ya mai da ni gida. A gida kuwa Ummata ta riga ta zagaye maƙwabta da labarin 'yarta ta zama injiniya, har mai kantin bakin titi ya daina kiran sunana, sai Injiniya. Yallaɓai shi ma ya raɗa mini nasa: Malama Digiri. Yana faɗinsa ne kamar mai ambaton wata cuta da ake warkewa in an yi haƙuri. Abin da ya faru tsakaninmu bai daɗe ba, kuma har yau in ina cikin mota na ga farin layin tsakiyar titi ya haɗe, sai gabana ya faɗi.

Ga abin da ya haɗa mu. A zanen gini layi iri biyu ne ke riƙe da duniya. Layi mara yankewa yana nufin abin da ke tsaye a ƙasa, kamar bango. Layi mai tsinke-tsinke kuwa, ɗan ja, ɗan fili, ɗan ja, ɗan fili, yana nufin abin da ke can sama da kanka ko binne a ƙarƙashin ƙafarka. Bim, wato doguwar gadar kankaren da ke ɗauke da rufi, da layi biyu masu tsinke-tsinke ake nuna shi, a jere, kuma tazararsu daidai take da kaurin bango. In suka tsinke, birkila ya san abu ne na sama, ya bar ƙasa a buɗe. In suka haɗe, bango ne, sai ya ce a kawo bulo.

A manhajar da muke zane da ita akwai wata lamba guda da ke faɗa wa kwamfuta girman kowane ɗan ja da kowane ɗan fili. In lambar ta dace da girman ginin, tsinke-tsinken ya fito sarai a takarda. In ta yi ƙanƙanta, sai su zama kamar ƙwayoyin yashi, su cure, ido ya ga layi ɗaya sambal. Gyaran bai kai shan ruwa ba: ka buga lambar da ta dace, ka ce wa kwamfuta ta sabunta hoton, shi ke nan. Ɗan aji ɗaya ya san wannan. Amma ɗan aji ɗaya bai san Uwar Zane ba.

Uwar Zane wani fayil ne da Yallaɓai ya haɗa shekaru da dama da suka wuce, wanda dole kowane sabon aiki daga cikinsa zai fito. A zamanin da ya haɗa shi, da mita ofis ke awo. Daga baya aka koma milimita, gine-gine suka ninka girma sau dubu a cikin kwamfuta, lambar tsinke-tsinke kuwa tana nan yadda ta zo, kamar takalmin jariri a ƙafar ƙato. Ba wanda ya isa ya taɓa ta. Ranar da na fara aiki ya tara mu, har da waɗanda suka haddace jawabin, ya ce:

"Akwai ofisoshin da ke canza tsarinsu kamar yadda ake canza riga. Mu ba irinsu ba ne. Uwar Zane ta haifi asibitoci, ta haifi makarantu, ta haifi gidajen sama da sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu, kuma ba a taɓa dawo mini da takarda an ce ba a gane ba. Ko sau ɗaya. Duk wanda ya ga aibu a jikinta ya je a duba masa ido, kamfani zai ba shi hutun rabin yini."

Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa dawo masa da takarda ba. Dalilin yana zaune a wani ɗan ɗaki bayan matakala, inda injin buga zane yake, inda kuma gilashin Yallaɓai ba ya hange. Wani dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, ana kiransa Kawu Ɗigo. A takarda, aikinsa kula da injin bugawa. Ainihin aikin kuwa yana cikin durowarsa ta ƙasa: 'yan kwalabe na farin ruwan nan da ake shafe kuskuren rubutu. Da zarar Yallaɓai ya sa hannu a zane an dawo da shi, sai Kawu Ɗigo ya shimfiɗa takardar, ya ɗauki ɗan burushi, ya bi duk layin da ya kamata ya tsinke yana ɗiga masa fari. Ɗis, ya tsallake. Ɗis, ya tsallake. In aiki ya yi yawa, kowa sai ya karɓi kwalba. Haka na tarar da injiniyoyi masu mata da 'ya'ya sun sunkuya a kan takarda suna hura iska don fari ya bushe, ɗaya yana gadin ƙofa. Mai kula da sito ya taɓa tambayar me ofishin da ba shi da tafireta ko ɗaya yake yi da katan-katan na farin ruwa. Yallaɓai ya yi murmushin uba, ya ce, "Yarana suna da yawan kuskure. Ina haƙuri da su."

Na tambayi Kawu Ɗigo me ya sa ba za a gyara lambar kawai a huta ba. Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na hanci, ya dube ni ta cikin biyun.

"'Yar nan, wanda ya zauna a kujerarki kafin ke, shi ma ya yi wannan tambayar. Yaro mai basira. Yanzu katin waya yake sayarwa. Ungo kwalba."

Ban karɓa ba a ranar. Makaranta ba ta sake ni ba tukuna. Na buga takarda ɗaya, na ƙwanƙwasa gilashi, na yi sallama, na ce cikin ladabi layukan bim suna fitowa a haɗe. Yallaɓai bai karɓi takardar ba, takarda a wurinsa ta 'yan aike ce. Ya juyo da allonsa, ya ɗora yatsa a kan mawus, ya fara jawo layin kusa. Yana jawowa, yana jawowa, har gidan ya ɓace, ɗakin ya ɓace, aka shiga cikin layin kansa. Can sai ga su kuwa, 'yan tsinke-tsinke, kowanne da ɗan filinsa.

"Malama Digiri, mene ne wannan?"

"A tsinke yake, Yallaɓai. Amma a takarda..."

"A tsinke yake. Na gode. Kin ga bambancin karatu da gogewa ke nan. Karatu yana tsayawa daga nesa ya ce babu. Gogewa matsawa kusa take yi. Birkilan da ba zai iya matsawa kusa ba, ya koma dakon yashi."

Ban san yadda birkila zai matsa kusa da takarda har haka ba, sai dai ko ya shige cikinta. Na yi godiya na fito. Bayan 'yan kwanaki na canza lambar a ɓoye a fayil ɗin da nake aiki a kai. Layuka suka tsinke tsaf, kamar ɗinkin gwanin tela. Farin cikina bai kai azahar ba. Yallaɓai ya buɗe fayil ɗin a nasa allon, ya ga layuka a tsinke tun daga nesa, abin da bai taɓa gani ba, ya tabbata bairos ya shiga kwamfutocin kamfani. Da aka gano ni ce bairos ɗin, ya sa aka goge fayil ɗin gaba ɗaya, na sake zanen daga Uwar Zane. Sannan ya ɗaga wata takarda daga teburinsa, ya nuna mini ta cikin gilashi, ya cusa ta ƙarƙashin tarin wasu. Takardar tabbatar da ni ce. Washegari na karɓi kwalba.

Ana nan sai babban aiki ya zo. Surukin Yallaɓai, mahaifin matarsa, ya yanke shawarar gina gidan da zai ƙare rayuwarsa a ciki. Tsoho ne da ya yi shekarunsa a harkar manyan motoci, ba ya yawan magana, in ya yi kuma ba ya maimaitawa. Buƙatarsa ɗaya ce. Yana da 'ya'ya da jikoki har da tattaɓa-kunne, kuma duk gidan da suka taru sai an rarraba su ɗaki-ɗaki. Falo guda yake so, babba, ba ginshiƙi ba shamaki, inda zai zauna a kujera ɗaya ya ga kowa. Sauran gidan, in ji shi, a yi yadda aka ga dama.

Falo mai wannan faɗi sai da manyan bim biyu a sama, su ratsa shi daga bango zuwa bango. Ni aka ba zanen, domin Yallaɓai ba ya jan layi da kansa. Na zana, na saka bim biyun da layukansu masu tsinke-tsinke da ba sa tsinkewa, na kwantar da hankalina da cewa Kawu Ɗigo yana nan.

Ranar bugawa aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Yallaɓai ya fito daga gilashi, ya taka har ɗakin bayan matakala, ya tsaya a kan inji da kansa. Takarda na fitowa da ɗuminta yana karɓa. Ya sa hannu a tsaye, ya naɗe su, ya ɗaure da wani jan ribon mai sheƙi da ya zo da shi daga gida.

"Wannan na iyali ne," in ji shi. "Ba hannun da zai taɓa shi tsakanina da Baba."

Kawu Ɗigo yana tsaye, hannunsa a aljihu yana matse da kwalba, fuskarsa kamar wanda mota ta tashi ta bar shi a tasha.

"Yallaɓai, a bar su su ɗan huce mana, tawadar ba ta..."

"Za ta bushe a mota."

Aka fara gini. Yallaɓai ya sa aka zagaye filin da langa-langa, ya hana kowa cikin dangi leƙawa, wai sai an gama a ba Baba mamaki. Tsohon dama yana gidan babbar 'yarsa ana jinyar gwiwarsa. Shi kansa Yallaɓai bai je ba, hula tana saman kabad. Ni kuwa kullum ina shiga ofis da addu'a ɗaya: Allah ya sa birkilan nan mai tambaya ne.

Mai tambaya ne kuwa, Allah sarki. Wata rana da hantsi wayar Yallaɓai ta yi ƙara, ya fito tsakiyar zaure ya sa ta a sifika, domin ba ya son darasi ya wuce mu. Muryar birkila ta fito, ƙarar injin kwaɓa siminti a bayanta.

"Yallaɓai, barka da aiki. Dama a kan falon nan ne. Na ga bango biyu a tsakiya, kuma ɗakin tsakiyar ba shi da..."

"Dakata. Wa ya zana, ni ko kai?"

"Kai ne, Yallaɓai, sai dai..."

"Shekara nawa ka yi a jami'a?"

"Ban shiga ba, Yallaɓai."

"To ni na shiga, na fito, suka kira ni na koma na yi musu jawabi. Cutar da ke kashe gini a zamanin nan ita ce birkila mai ra'ayi. Ba don ra'ayinka aka ɗauke ka ba, don hannunka ne. Abin da idonka ya gani a takarda, shi za ka ɗora. Ka ƙara kirana a kan zanena, in turo wani."

"An gama, Yallaɓai."

Kalmar bango ta shiga kunnen kowa a zauren ban da na mai wayar, domin Yallaɓai ba sauraro yake yi ba, jira yake yi a yi shiru ya fara. Na bi shi har cikin gilashi. Na ce, "Yallaɓai, bango fa ya ce. Bim ɗin ne yake gani bango." Ya zauna, ya ja numfashin mai haƙuri da yara, ya buɗe zanen, ya fara jawo layin kusa. Yana jawowa, yana jawowa. Da tsinke-tsinken suka bayyana ya nuna su da bakin biro. Sai ya ɗora ɗaya hannun a kan tarin takardun nan da takardata ke ƙarƙashinsu, ya ɗan bubbuga. Na fita. A banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Da na koma gida Ummata ta tare ni da tambayar ko an kusa ba ni takardar, wai ƙanwarta ta matsa a tura mata hoton.

Ranar da za a kai Tsoho ya ga gidansa, Yallaɓai ya ba da umarni duk sashen zane ya halarta, don mu koyi yadda ake miƙa aiki. Ya zo cikin farar kwat da farin takalmi, kuma a karon farko a tarihi hular ta sauko daga kabad ta hau kansa. Dangi sun cika bakin ƙofa: matarsa, yayyenta maza, ƙannenta da mazajensu, jikoki suna tsalle a kan tarin yashi. Aka sauko da Tsoho daga mota yana dogara sanda, babban ɗansa na riƙe da shi. Ni na samu wuri a bayan injin kwaɓa siminti na laɓe. Kawu Ɗigo ya aiko cewa cikinsa ya ɓaci.

Birkila ya yi ta zagaya Yallaɓai yana neman ya raɗa masa magana, ana kore shi da bayan hannu. Sai da aka yi jawabi.

"Baba, 'yan'uwa, yau ba gida na kawo muku ba, tunani na kawo muku wanda aka zuba wa siminti. Mutane suna tambayata, Yallaɓai, ga yara cike da ofis, me ya sa ba ka bar musu ba? Na ce a'a. Aikin Baba ba na koyo ba ne. Kowane layi a wannan gida, babba da ƙarami, daga wannan kan ya fito, ta wannan hannun ya bi. Ba wanda ya taya ni ko da ɗigo. Da hannuna na karɓe shi daga inji, da hannuna na kawo. In kun ga kyau, kun san inda za ku kai godiya. Baba, bismillah, shiga falonka."

Aka yi tafi. Matarsa ta share ƙwalla. Aka buɗe ƙofa.

Tsoho ya shiga, ya yi 'yan taku, sandarsa ta bugi bango. Bango mai kyau kuwa, an yi masa filasta sumul, daga ƙasa har rufi, daga wannan gefe har wancan. Abin da aka shiga wani dogon siririn lungu ne, wanda in aka sa kujera sai an karkace a wuce. Jikoki suka zaga ta ƙofar kicin, muka ji muryoyinsu can nesa suna ihu wai nan ma lungu ne. Tsakanin lungunan biyu akwai na uku, ba shi da ƙofa ko ɗaya, sai taga ta waje. Ta tagar aka hango baro a ciki da bokiti. Birkila ya ce leburansa na ƙarshe ta tagar ya fito, baron ne ya ƙi.

Yallaɓai ya juya a hankali, idonsa yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kuma na san fuskar da yake nema. Ta bakin ƙofa ya hango gefen mayafina a bayan injin siminti. Ya ɗaga yatsa.

"Baba, akwai wata yarinya sabuwa a..."

"Wace yarinya?" in ji Tsoho. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma har jikoki suka yi tsit. "Yanzu ka ce ba wanda ya taya ka ko da ɗigo. Gwiwata ce ke ciwo, ba kunnena ba."

Yatsan ya tsaya a sama ya rasa inda zai sauka, sai ya juya ya nuna bango. A nan ne na sara wa Yallaɓai. Da wani ne, da a nan ya faɗi, shi kuwa sai ya tashi sama.

"Haka ne, Baba, haka ne. Dama abin da nake shirin bayyanawa ke nan. Wannan salo ne. Duniya ta bar buɗaɗɗen falo, bincike ya nuna yana kawo hayaniya da mura. Wannan na maza, wancan na mata. Na tsakiyar kuma..." Ya ɗan tsaya. "Na tsakiyar na nazari ne. Wurin da ba mai damun mutum."

"Ba mai damunsa kam," in ji babban wan matarsa. "Ko abinci sai ta taga."

Wani cikin mazajen ƙannenta ya yi tari mai kama da dariya, ya fice da sauri. Matar Yallaɓai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce a hankali, "Don girman Allah ka yi shiru haka nan." Bai yi ba. Ya shiga bayanin zirga-zirgar iska. Tsoho ya bar shi ya kai ƙarshe, sannan ya juya ga birkila.

"Kana da babbar guduma?"

"Akwai, Baba."

"Kawo."

Aka kawo. Tsoho bai karɓa ba, ya nuna surukinsa da haɓa.

"Ni falo ɗaya na ce. Hannun da ya ja, shi zai goge. Ku ba ni kujera, a nan zan zauna. Na daɗe ban ga injiniya yana aiki ba."

Aka kawo kujera, jikoki suka zazzauna a ƙasa kewaye da shi. Yallaɓai ya cire kwat ya nemi mai riƙewa, duk sashen zane muka shiga nazarin rufi. Ya ɗaga guduma. Dukan farko ya koma masa har kafaɗa, bango ko gezau, domin birkila ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ƙura ta sauka a kan farin takalmi, ta bi gumi ta shiga wuyan riga. Jikoki suna raka kowane duka da ihu, in ɓallin bulo ya faɗi su yi tafi. Sai da rana ta yi sanyi Tsoho ya ce ya isa, a bar sauran ga masu sana'ar. Ramin da Yallaɓai ya samar, kyanwa za ta iya wucewa in ba ta ƙoshi ba.

Ni dai ban yi dariya ba. Duk wanda ya ga an kunyata shugabansa a gaban surukai ya san a kan wa za a huce. Ƙarshen makon nan na fara tsara yadda zan gaya wa Ummata, da hanyar da zan riƙa bi don kada in gifta ta gaban mai kanti.

Ranar Litinin ana buɗe ofis ya aiko a kira ni. Ya sauke labulen gilashi, abin da ban ma san akwai shi ba. Hannayensa biyu a naɗe da bandeji, yatsun sun kumbura kamar ayaba. Takardata tana tsakiyar tebur ita kaɗai. Zanen falon yana kan allo.

"Malama Digiri, zauna. Kamar yadda kika sani, ba na tabbatar da ma'aikaci sai na yi masa jarrabawar ƙarshe. Na daɗe ina nazarin wata lamba a cikin Uwar Zane, kuma bincikena ya nuna lokacin sabunta ta ya yi. Ni na san inda take. Ina son in ga ko ke kin sani."

Na jawo kibod, na buga umarnin, na buga lambar, na sabunta hoton. Layukan bim suka tsinke. Yallaɓai ya sunkuyo, leɓensa yana motsi, yana haddace abin da na buga.

"Sake. Kin yi gaggawa. A jarrabawa natsuwa ake so."

Na sake, a hankali, harafi bayan harafi.

"Daidai. Nan nake nufi. Kin ci. Gobe zan tara sashe in sanar da su abin da na gano. Ke kuma ki rage yawan magana."

Ya jawo takardar, ya cusa biro tsakanin bandeji da babban yatsa. Sa hannun Yallaɓai dogon layi ne guda da yake ja daga wannan gefen takarda zuwa wancan ba tare da ya ɗaga biro ba. Ya fara ja. Bororon tafin hannunsa ya motsa, ya ɗaga biro yana cije leɓe. Ya ƙara ja kaɗan, ya ɗaga. Ya ja, ya ɗaga. Haka har ƙarshen takarda.

Na karɓa da hannu biyu na duba. A iya sanina, shi ne layi mai tsinke-tsinke na farko da Yallaɓai ya fitar daidai a rayuwarsa.